Wa zai biya kuɗin tsaron kwantena? Nazarin matakan Amurka bayan harin 2001

A watan Oktoba na 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Gioia Tauro da ke kudancin Italiya suka ji motsi a cikin wata kwantena da aka ɗoro daga Port Said ta ƙasar Masar za a wuce da ita Kanada. Da aka buɗe ta sai ga mutum a ciki, da shimfiɗarsa da abincinsa da ruwansa, har da waya da kwamfuta. Daga baya an sake shi ba tare da an tabbatar masa da laifin ta'addanci ba, amma labarin ya tayar da hankalin jami'an kwastan na Amurka, domin idan mutum zai iya tarewa a cikin kwantena ya ratsa teku babu wanda ya sani, to bam ma zai iya. A wancan lokaci kwantenonin da ake dubawa cikin miliyoyin da ke sauka a Amurka kowace shekara ba su wuce kashi 2 cikin ɗari ba.

Kafin kwantena ɗaya ta isa hannun mai ita takan bi ta hannaye da yawa. Akwai masana'antar da ta cika ta, da direban da ya ɗauko ta, da dillalin da ya rubuta takardunta, da tashar da aka yi lodinta, da ƙaramin jirgin da ya kai ta babbar mahaɗa kamar Singafo, da babban jirgin da ya tsallaka teku da ita, sannan tashar da ta sauka da jirgin ƙasan da ya shiga da ita cikin gari. A duk waɗannan, wanda ya ga abin da ke ciki da idonsa shi ne na farko kaɗai. Kamfanin jirgi yana karɓar akwatin ƙarfe ne a rufe da hatimi, kuma takardar dakon da yake bayarwa cewa take yi ga abin da mai kaya ya ce yana ciki. An ga ma'anar wannan a Apapa a watan Oktoba na 2010, lokacin da jami'an tsaron Najeriya suka buɗe kwantenoni 13 da suka taso daga Bandar Abbas ta Iran da sunan kayan gini, aka tarar da rokoki da gurneti da harsasai, kuma kamfanin da ya yi dakonsu ya ce shi ma ƙarya aka yi masa a takarda.

Asarar da harin kwantena zai jawo ba ta tsayawa a kan wanda ya yi sakaci. A ƙarshen Satumba na 2002 rikici tsakanin masu tashoshi da ƙungiyar ma'aikata ya rufe tashoshi 29 na gaɓar yammacin Amurka har kwana goma, sai da Shugaba Bush ya nemi kotu ta tilasta buɗe su. Jirage suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu masana'antun motoci suka tsayar da aiki saboda rashin kayan haɗi, kuma an ɗauki makonni kafin a kwashe kayan da suka taru. An yi ta ambaton asarar dala biliyan ɗaya a kowace rana, ko da yake masana tattalin arziki da dama sun ce an yi ƙari. Abin da kowa ya gane shi ne, ranar da kwantena ɗaya ta fashe a tashar Amurka za a rufe ƙofofi ga kowa, da wanda ya kashe kuɗi a kan tsaro da wanda bai kashe ko sisi ba.

Lissafin da ke hana kowa farawa

A nan ne ka'idar wasa take da amfani, wato reshen lissafin da ke nazarin shawarar mutanen da ribar kowannensu ta rataya a kan abin da ɗan'uwansa ya zaɓa, kamar masu buga dara da kowane ke auna motsin abokin karawarsa kafin ya taɓa ɗansa. A 2003 wasu masana biyu na Amurka, Howard Kunreuther da Geoffrey Heal, suka buga nazari a kan irin tsaron da na kowa ya dogara da na wani. Misalin da suka kafa hujja da shi daga jiragen sama yake: jakar da ta tarwatsa jirgin Pan Am a sararin Lockerbie a Disambar 1988, inda mutum 270 suka mutu, a Malta aka shigar da ita, ta bi ta Frankfurt, aka ɗora ta a Landan. Duk tsananin binciken da kamfani zai yi wa kayan fasinjojinsa ba zai kare shi daga jakar da wani kamfani ya miƙo masa ba. Dakon kwantena kuwa kusan gaba ɗayansa irin wannan miƙe-miƙe ne.

A ƙaddara kamfanoni biyu ne da ke miƙa wa juna kwantenoni, kuma an ƙara girman alƙaluman da gangan don lissafin ya fito fili. Idan aka yi hari, asarar kamfani 1,000 ce. Yiwuwar mugun kaya ya shigo ta ƙofarsa kashi 10 ne cikin ɗari, binciken da zai toshe wannan ƙofa kuma zai ci 85. Idan abokin huldarsa yana bincike, to shi ma kashe 85 zai kawar masa da asarar da darajarta ta kai 100, saboda haka bincike ya fi masa. Amma idan abokin ba ya bincike, kuma yiwuwar mugun kaya ya zo ta wajensa kashi 30 ne, lissafi ya canza, domin jirgi sau ɗaya yake nutsewa. A kashi 30 na lokutan da bincikensa ya tare haɗari, haɗarin da ya zo ta ɗaya ƙofar zai cinye jirgin duk da haka, don haka abin da 85 ɗinsa ta saya masa ya ragu zuwa 70. Mai hankali ba zai biya 85 don ya tsira da 70 ba.

Wasan yana da matsaya biyu ke nan, irin waɗanda ake kira daidaiton Nash, inda babu wanda zai amfana idan shi kaɗai ya sauya ra'ayi. A ta farko kowa yana bincike kuma kowa ya gamsu, a ta biyu babu mai bincike kuma babu mai dalilin farawa. Gwargwadon yawan masu sakaci a cikin jerin, gwargwadon raguwar amfanin da mai ƙoƙari zai samu, har ya zama idan hannaye sun yi yawa ƙoƙarin mutum ɗaya bai da wata daraja. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma wanda ya san akwai ɓataccen wake a buhun maƙwabcinsa da za a niƙa tare da nasa ba zai ɓata yini yana tsince nasa ba. Sai dai wannan lissafi yana da wani ɓangare mai daɗi da masanan biyu suka nuna: idan aka shawo kan wasu 'yan kaɗan masu nauyi suka fara, haɗarin da ke zuwa daga waje zai ragu har bincike ya koma riba ga na kusa da su, waɗannan kuma su jawo na gaba. Ba sai an lallashi kowa ba, a nemo waɗanda za su rinjayar da sikeli.

Ban ce jami'an Amurka sun zauna da wannan lissafi a gabansu ba, domin matakansu na farko sun riga nazarin fitowa. Amma idan aka bi abin da suka yi daki-daki, za a ga cewa duk matakin da ya yi aiki ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ne.

Matakan da suka kama

A Nuwambar 2001 shugaban kwastan na Amurka, Robert Bonner, ya ƙaddamar da shirin C-TPAT da kamfanoni bakwai kacal, cikinsu har da General Motors da Ford da Motorola da Target. Shiga shirin ganin dama ne. Kamfanin da ya shiga zai ɗauki alkawarin tsare hanyar kayansa tun daga masana'anta: a killace wurin lodi, a tantance ma'aikata, a duba kwantena kafin a cika ta ta wurare bakwai, wato bangon gaba da gefen dama da na hagu da daɓe da rufi da ƙofofi da kuma ƙarƙashinta, ana ƙwanƙwasawa ana aunawa ko an yi ɓoyayyen ɗaki, sannan a rufe da hatimin ƙarfe mai lamba wanda ba ya cirewa sai an datse shi da almakashin ƙarfe. Ladan da kwastan ta yi alkawari shi ne raguwar yawan bincike da shiga gaban layi idan binciken ya kama. Ga kamfanin motocin da ba ya ajiye kayan haɗi na fiye da 'yan kwanaki, kwantenar da ta kwana uku tana jiran bincike asara ce ta yau, wadda akawunsa zai iya rubutawa, saɓanin harin da watakila ba zai taɓa faruwa ba. Wannan lada ce ta cike gurbin da ke tsakanin 70 da 85.

Zaɓen manyan masu shigo da kaya shi ne dabarar. Babban kanti kamar Target yana sayen kaya daga dubban masana'antu a Asiya, kuma idan ya ce sai an bi sharuɗɗa kafin ya saya, babu mai masana'antar da zai tsaya jayayya. Haka sharaɗin ya gangara zuwa kamfanonin jirage da dillalai da masu manyan motoci, har mambobin shirin suka haura 11,000, kuma kayan da suke shigarwa suka kai fiye da rabin darajar abin da ke shiga Amurka.

Mataki na biyu, shirin CSI na Janairun 2002, ya shafi gwamnatoci ne. Amurka ta nemi a bar jami'anta su zauna a tashoshin ƙasashen waje suna nuna kwantenonin da suke zargi, jami'an ƙasar su duba kafin a yi lodi, kuma ƙasar ce za ta tanadi na'urorin haska kaya. Aka fara da manyan tashoshi 20 da kusan kashi biyu cikin uku na kwantenonin Amurka ke bi ta cikinsu. A zahiri wannan ciniki ne maras daɗi ga mai masauki, tun da shi zai sayi na'ura don kare wata ƙasa. To me ya sa aka yi rububin shiga? Rotterdam ta Holan ta sa hannu a Yunin 2002, kuma cikin 'yan makonni Antwerp ta Beljiyam da Le Havre ta Faransa da Hamburg da Bremerhaven na Jamus suka biyo baya. Waɗannan tashoshi kayan yanki ɗaya suke takara a kai, kuma mai masana'anta a tsakiyar Jamus yana iya tura kayansa ta kowacce. Muddin kwantenar Rotterdam za ta fita da wuri a New York, Antwerp ba ta da zaɓi. Tsoron rasa ciniki ne ya yi aikin da tsoron bam bai yi ba.

Hukumar Tarayyar Turai ta ga abin da ke faruwa, ta fara ɗaukar matakin shari'a a kan waɗannan ƙasashe huɗu a Disambar 2002, tana cewa yarjejeniyoyin ɗaiɗaiku za su karkatar da ciniki daga ƙananan tashoshi, kuma harkar kwastan ta tarayya ce. An sasanta a Afrilun 2004 da yarjejeniyar da ta haɗa tarayyar baki ɗaya. Ƙorafin hukumar gaskiya ne, amma shi kansa shaida ne cewa dabarar ta ci. Zuwa 2007 tashoshi 58 ne a cikin shirin, ciki har da Durban ta Afirka ta Kudu, kuma fiye da kashi 80 na kwantenonin da ke zuwa Amurka ta cikinsu suke bi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai dokar da a ganina ta fi su duka arha da tasiri, wadda aka fara tilastawa a Fabrairun 2003: dole a aika wa kwastan na Amurka bayanin kaya awa 24 kafin a ɗora kwantena a tashar waje, kuma an daina karɓar bayani na dunƙule irin su kaya iri-iri. Wanda bai bi ba za a aiko da umarnin kada a yi lodi. Hukuncin yana sauka a kan mai laifin shi kaɗai kuma nan take, kwantenarsa ta zauna a ƙasa jirgi ya tafi, saboda haka ba a sha wahalar sa mutane su bi ba.

Kada a ɗauka komai ya tafi daidai. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya bayyana a 2005 cewa kashi 28 na kwantenonin da jami'an CSI suka nemi a duba a ƙasashen waje ba a duba su ba, kuma mambobin C-TPAT suna cin moriyar sauƙin bincike alhali waɗanda aka je aka tabbatar da abin da suka rubuta ba su fi kusan ɗaya cikin goma ba. Wannan sabon wasa ne a cikin tsohon: idan lada tana samuwa da cika takarda, cima-zaune zai cika takarda ya bar katanga a tsage, kuma ɗan fasa-ƙwauri mai wayo zai fi son ɓoye kayansa a kwantenar kamfanin da aka amince da shi. Dokar tsaron tashoshi ta 2006 ta gyara wani ɓangare, inda ta raba mambobi hawa uku kuma ta ɗaure babbar lada da ziyarar tabbatarwa.

Matakin da bai kama ba

A Agustan 2007 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ce daga 1 ga Yulin 2012 babu kwantenar da za a ɗora zuwa Amurka sai an haska ta da na'urar ganin ciki da ta gano sinadarin nukiliya a tashar da ta taso. An gwada tsarin a tashoshi uku: Southampton ta Birtaniya, Port Qasim ta Pakistan, da Puerto Cortés ta Honduras. A ƙananan tashoshin da kaya ke shigowa da mota ta ƙofa ɗaya abin ya yiwu, domin ana iya kafa na'ura a bakin ƙofa kowace mota ta ratsa. A manyan mahaɗu kuwa kwantenoni da yawa ba sa bi ta ƙofa sam, daga jirgi ake sauke su a jibge, ƙugiya ta sake ɗora su a wani jirgin, kuma janye kowace ɗaya zuwa wurin na'ura yana nufin ƙarin fili da ƙarin motoci da ƙarin kwanaki. Kwastan na Birtaniya sun janye hannunsu bayan watanni shidan gwajin. A 2009 sakatariyar tsaron cikin gida, Janet Napolitano, ta shaida wa majalisa cewa kowane layin lodi zai ci kimanin dala miliyan 8, kuma akwai layuka fiye da 2,100 a tashoshi sama da 700.

Tsada kaɗai ba ta isa ta bayyana faɗuwar wannan doka ba, domin an kashe maƙudan kuɗi a kan matakan baya ma. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda ta raba nauyi da amfani. Tashar waje ce za ta biya, Amurka ce za ta amfana, kuma tun da an ce kowa sai ya yi, wanda ya riga yi bai sami fifiko a kan kowa ba. A shirin CSI wanda ya makara shi ke asara, a nan kuwa wanda ya yi gaggawa ne zai kashe kuɗi ya rage saurin tasharsa yayin da maƙwabta ke kallo. Sannan barazanar da ke bayan dokar ba abar gaskatawa ba ce. Kowa ya san Amurka ba za ta hana kayan Sin da Turai shiga kantunanta ba, ga shi kuma dokar da kanta ta ba sakatare ikon ɗage wa'adi na shekara biyu-biyu. Wanda ya san mai bin sa bashi ba zai iya kai shi ƙara ba, ba ya gaggawar biya. Tarayyar Turai ta fito fili ta ƙi, ta kuma tambaya ko Amurka a shirye take ta haska duk kwantenar da take aikawa Turai. A 2012 Napolitano ta ɗage wa'adin, magajinta Jeh Johnson ya sake ɗagewa a 2014, aka ci gaba da haka, kuma ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta a 2016 cewa kimanin kashi 5 ne kawai na kwantenoni ake haskawa da na'urar ganin ciki.

Abin da ya yaɗu a duniya a maimakon haka shi ne tsarin lada. Hukumar Kwastan ta Duniya ta amince da tsarin SAFE a Yunin 2005, wanda ya kawo matsayin amintaccen ɗan kasuwa, Tarayyar Turai ta fara nata a 2008, kuma a 2012 ita da Amurka suka amince kowa ya karɓi amintattun ɗan'uwansa, ta yadda jarin tsaro ɗaya zai ba kamfani sauƙi a kasuwanni biyu.

Najeriya ta ɗanɗani irin wannan matsi ta wata hanyar. Ka'idar ISPS ta tsaron jirage da tashoshi, wadda Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta fara aiki da ita a 1 ga Yulin 2004, ta daɗe ba a bin ta yadda ya kamata a tashoshin ƙasar. A 2013 Amurka ta ba da wa'adin kwana 90, gwamnati ta miƙa wa NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, alhakin aiwatarwa, kuma a Yunin 2014 masu tsaron gaɓar tekun Amurka suka sanya ƙarin sharuɗɗa a kan jiragen da suka tsaya a Najeriya, in ban da wasu wuraren lodi da aka lissafa sunayensu. Wannan jerin sunaye shi ne abin lura, domin ya ba kowane mai wurin lodi dalilin gyara nasa ba tare da jiran sauran ba.

Ko wannan duka ya hana wani hari? Ba a taɓa tayar da makamin kare-dangi a cikin kwantena a tashar Amurka ba, amma rashin faruwar abu ba ya nuna wane mataki ne ya hana shi, kuma wannan ne ya sa har yau masu goyon bayan haska kowace kwantena suke da abin faɗa. Abin da ake iya gani shi ne inda tsarin amincewa yake yoyo. A Yunin 2019 jami'an Amurka suka kama kusan tan 20 na hodar ibilis a jirgin MSC Gayane a tashar Philadelphia. Kamfanin MSC da ke tafiyar da jirgin mamba ne na C-TPAT, amma wasu ma'aikatan jirgin ne suka ɗauko hodar daga ƙananan kwale-kwale da dare a tsakiyar teku, suka cusa ta a kwantenonin mutane, suka maye gurbin hatiman da suka datse da na jabu. Kwastan ta dakatar da kamfanin daga shirin na wani lokaci, abin da ya jawo wa kwantenonin abokan cinikinsa ƙarin bincike da jinkiri, kuma kamfanin ya sanar daga baya cewa ya ƙara masu gadi da kyamarori a jiragensa da ke bin hanyar Kudancin Amurka.